Goggo Mai Guga da Kayan da Ba a Karɓa Ba

Shagon Goggo yana ƙasan wani bene, tsakanin mai gyaran waya da kantin magani. Ba shi da faɗi. Idan ka shiga, kanta ce a gabanka, bayanta teburin guga biyu, sai injin wanki guda da ke rawa kamar zai fita titi idan ya zo matse ruwa. Can ƙurya, bayan wani labule ruwan toka, akwai dogon ƙarfe da aka kafa daga bango zuwa bango. A nan ake rataye kayan da aka wanke, aka goge, aka sa a leda, amma masu su ba su dawo ba. Duk mai wanki da guga yana da irin wannan ƙarfe, kuma ciwon kai ne a gare shi. Goggo kuwa daga nan ta fitar da littattafai goma sha biyu.

Ƙanwar mahaifina ce, ita ce autarsu. Mai Guga ake ce mata a unguwa, kuma ko da littattafanta suka kai garuruwan da ba ta taɓa takawa ba, sunan bai canza ba. Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, hannunta na dama ya fi na hagu kauri saboda dutsen guga. Da ƙarfi take magana ko da injin a kashe yake. Nakan kai mata kayan aikina ranar Asabar, in zauna a benci har a gama, kuma yawancin abin da zan faɗa a kan bencin nan na ji shi ko na gan shi.

Karatunta bai wuce sakandare ba. Ta auri direban bas, wanda muke kira Baba Direba, ta haifi 'ya'ya uku, ta fara wanki a gida da baho biyu kafin ta kama shago. 'Yan jarida suna son su ji ta ce tun tana yarinya take da burin rubutu, ita kuwa takan ce musu, "Burina tun ina yarinya shi ne in sami barcin rana, har yau ban samu ba."

Abin ya faro ne daga wata rigar sanyi ta ƙaramin yaro, ruwan ƙasa, mai faci a gwiwar hannu biyu. Faci ne na mai haƙuri, ɗinkin ƙanana a jere kamar haƙoran mataji. Rigar ta shekara a ƙarfe ba wanda ya zo.

"Abin ya tsaya mini a rai," in ji ta. "Macen da ta zauna ta yi wannan facin ba mantuwa za ta yi da rigar ba. To me ya hana ta dawowa?"

Sai ta cire rigar daga leda, ta rataye ta a wata ƙusa da ke fuskantar teburinta, ta yi ta guga tana kallonta. Kafin wata ya zagayo ta san masaƙar da uwar take aiki, ta san mai gidan hayar da ya watso musu kaya waje, ta san irin tarin da yaron yake yi da asuba, duk daga kanta. Ta rubuta a ragowar littattafan makarantar 'ya'yanta. Baba Direba ya kai wa wani mai maɗaba'a da yake ɗauka a bas kowace safiya. Bugun farko ya fito da wasu shafuka a kife, bangon da ya kamata ya zama ruwan ƙasa ya fito ja. Ta sa masa suna Faci Biyu, ta jera shi a kanta kusa da garin sabulu, mata suka riƙa saye tare da karɓar kayansu.

Tun daga nan hanyar aikinta ba ta canza ba. Sai kaya sun daɗe a ƙarfe har ledar ta yi ƙura take zaɓar ɗaya ta kai shi ƙusa. Ta ce tufafi ba sa iya ɓoye mai su. Inda wuyan riga ya fi cinyewa yana nuna ɓangaren da mutum yake karkatar da kai. Aljihun da ya saki yana nuna hannun da yake aiki da shi. Gwiwar wando tana faɗin ko mai shi a zaune yake wuni ko a tsugune. Iyakar abin da take ɗauka ke nan, sauran duk ƙirƙira ce. Tana guga tana ba da labarin da baki ga duk wanda ke shagon, idan ta ga mutum ya fara duba wayarsa ta san wurin nan ba daɗi, ta watsar da shi. Da sassafe kafin ta buɗe shago take rubuta abin da ya tsira.

A haka aka sami Labulen Falo, labarin wasu 'yan'uwa da suka rabu kan gidan da uwarsu ta bari, daga wasu labulaye huɗu da rana ta cinye gefe ɗaya. Aka sami Wandon Mai Gadi, wanda ya fi kowanne ban dariya, har gidan rediyo suka karanta shi, Baba Direba ya riƙa ƙure murya a bas yana gaya wa fasinjoji matarsa ce. Akwai Farin Mayafi da ita kanta ba ta so. Ta ce ta cika masa kuka kamar yadda sabon ma'aikaci yake cika wa riga sitaci, har ta ƙi lanƙwasuwa. Akwai wani kan rigar ma'aikaciyar jinya, akwai wani kan bargon jariri. Wani malamin jami'a ya taɓa rubuta cewa a littattafanta ba a samun mutumin da ke zaune hannu rabbana, kowa yana magana ne yana wani aiki. Da aka karanta mata ta ce, "To da yaushe ya ga mutum yana zaune haka nan? A ofishinsu?"

Sai dai akwai abin da ya taso tare da sunanta. Mutane suka ɗauka labaran nan gaskiya ne. Aka riƙa cewa Mai Guga tana tsintar asirin mutane a aljihu, alhali a gaban mai kaya take zazzage aljihu kafin ta karɓa. Idan aka tambaye ta, "Don Allah wancan labarin da gaske ya faru?" sai ta yi murmushi ta ce, "Ke me kika gani?" Ta ɗauki abin wasa. Mai maɗaba'a kuwa ya ce kada ta kuskura ta gyara musu, don wannan zaton ne yake sayar da rabin littattafan.

Littafinta na bakwai shi ya fi kowanne tafiya. Jan Maɓalli sunansa. Ya fito ne daga wata baƙar kwat da wani ma'aikacinta ya karɓa a ranar da shagon ya cika, ita ba ta ga mai ita ba. Maɓallan kwat ɗin baƙaƙe ne, ban da na ƙasa da yake ja. A ɗinkin bakin hannunta akwai garin alli da wanki bai fitar ba, ta haka ta gane malamin makaranta ne. Ta mai da shi malamin lissafi saboda lissafi ne darasin da ta fi tsana. Ta sa ya sayar wa 'ya'yan masu hali tambayoyin jarrabawa, da asiri ya tonu ya gudu da asuba ya bar kwat ɗinsa a gidan wanki. Ta kwatanta kwat ɗin dalla-dalla, har da ɗan ƙunar da ke bakin aljihun hagu.

Wata Asabar da hantsi ina kan benci, wani mutum ya shigo, dogo siriri, furfura ta fara masa a gefen kai. Ya tsaya gefe har masu karɓar kaya suka watse, sannan ya matso.

"Sannu da aiki. Na zo karɓar kaya ne, sai dai rasit ɗin ya ɓace tuntuni."

"Ba kai ne farau ba, Malam," in ji Goggo, ba ta ɗago daga rigar da take gogewa ba. "Wane irin kaya?"

"Kwat ce baƙa. Maɓallinta na ƙasa ja ne."

Goggo ta jingine dutsen guga. Baba Direba, wanda ya bar tuƙin bas ya koma kai wa mutane kaya gida a babur, yana ninke zanen gado, ya tsaya da shi a hannu.

"Ikon Allah," ta ce, fuskarta ta washe. "Malam, zauna. Ka san kuwa kwat ɗinka ta yi suna?"

"Na sani. Shi ya kawo ni."

Ya zauna kusa da ni, ya ɗora jakarsa a cinya, ya yi bayani a hankali ba tare da ɗaga murya ba. Malamin lissafi ne a sakandaren da ke bayan tashar mota. Ɗalibansa Jan Maɓalli suke ce masa saboda wannan kwat ɗin. Kwana biyu bayan ya kawo ta wanki aka kira shi cewa mahaifinsa ya faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye. Ya tafi garinsu da niyyar mako biyu, jinya ta riƙe shi shekaru, har ya ajiye aikin. Shugaban makarantar da ya san dalilin tafiyarsa ya rasu. Yanzu mahaifin ya cika, shi kuma ya dawo. Akwai gurbin malamin lissafi a makarantar, sabuwar shugabar tana son ta ɗauke shi, amma kwamitin iyaye sun ce ba za su miƙa 'ya'yansu ga mutumin da ya sayar da jarrabawa ba.

"Wa ya ce ka sayar da jarrabawa?" in ji Goggo.

"Ke."

"Ni ban taɓa ganinka ba sai yau. Labari ne, Malam, ƙirƙira ce. Ko sunanka ban sani ba."

"Ba ki sa sunana ba, amma kin sa kwat ɗina. Duk yaron da na koyar ya san ta, iyayensu ma haka. Har ƙunar aljihun kin sa."

Goggo ta juya wurin mijinta. "Kai ka san akwai wani malami mai wannan laƙabin?"

"Ina zan sani? Yaranmu ba can suka yi ba."

"To duk shekarun nan me ya sa ba wanda ya gaya mini?"

"Me za su gaya miki?" in ji Malamin. "Sun ɗauka kin sani. Wata tsohuwar ɗalibata ta ce ta zo nan da kanta ta tambaye ki ko gaskiya ne, kika ce mata, ke me kika gani."

Goggo ta bar teburinta. Ta shiga bayan labule, ta fito da kwat ɗin a sabuwar leda, ta shimfiɗa ta a kanta. Malamin ya dube ta, bai taɓa ta ba. Ya ce ranar Asabar mai zuwa kwamitin iyaye za su zauna su yanke magana, idan suka ƙi shi zai koma garinsu, don ba makarantar da za ta ɗauke shi a nan da wannan zancen a kansa. Ya ce kwat ɗin ta zauna tukuna, ba zai iya bin titi da ita ba.

Goggo ba mai daɗewa cikin sanyin jiki ba ce. Kafin ya kai ƙofa ta farfaɗo.

"Tsaya, Malam. Zan rubuta na biyu. In nuna ƙage aka yi maka, in kawo jinyar mahaifinka, in sa duk garin nan su yi maka kuka. Na iya, ka tambaya."

"Na san kin iya," ya ce. "Na karanta na farkon sau biyu, har ni kaina na tsani mutumin. Amma ba na son in zama na kirki a littafi, kamar yadda ban so in zama mugu ba. Mahaifina kuma ba kayan labari ba ne. Allo nake so da alli, ki fitar da ni kawai."

Bayan ya tafi Baba Direba ya haɗa shayi, suka zauna shawara, ni ina saurare. Ya ce a sa sanarwa a jarida cewa labarin ƙage ne. Goggo ta ce wa yake karanta sanarwa, kuma duk wanda ya karanta zai ce biyanta aka yi. Ya ce to a janye littafin daga kasuwa. Ta ce wannan ma ya fi muni, za a ce gaskiyar ce ta yi zafi aka ɓoye.

"To ke uwar dabara, sai ki faɗi taki."

"Ba littafin ne matsalar ba," ta ce. "Matsalar ita ce sun yarda ni na san asirin mutane. Wannan zan je in fasa."

"Kin dai ji abin da mai maɗaba'a ya ce. Ranar da suka gane daga kanki kike tsaro zancen, rabinsu sun tafi."

"Su tafi. Da guga na fara, kuma har yanzu dutsena yana zafi."

"Ni dai kada a ce in koma tuƙin bas da wannan bayan nawa."

"Kai da ko babur sai ka yi masa addu'a yake tashi."

Mai maɗaba'a ya kira ta a waya sau da yawa cikin makon, Baba Direba ne ya tsegunta masa. Ina ji ta ce masa, "Ranka ya daɗe, takarda kake bugawa, ni mutum na buge," ta kashe wayar.

Ranar taron na raka su. A wani aji aka yi, iyaye sun matsu a kujerun yara, gwiwoyinsu na dukan tebur. Shugabar makarantar tana gaba, kusa da ita shugaban kwamitin iyaye, wani mai sayar da siminti, ƙato mai son a ji muryarsa, wanda kuma ya daɗe yana kawo wa Goggo wanki. Malamin yana can baya shi kaɗai. Da aka ga Goggo aka fara gyara zama, kowa ya ɗauka shaida ta zo bayarwa.

Mai Siminti ya ce, "Madalla, ga mai abin da kanta. Mai Guga, gaya musu abin da kika sani."

"Zan faɗa, Shugaba. Amma ara mini rigarka ta sama tukuna."

Ya yi dariya, ya tuɓe ya miƙa mata. Ta rataye ta a ƙusar da ake rataye kalanda, ta ja da baya, ta harɗe hannu tana kallonta kamar yadda take yi a shago.

"Ku dubi aljihun dama yadda ya saki," ta ce. "Makullai ne masu nauyi, sun fi na shago ɗaya. To ina ɗaya shagon? Ku dubi kafaɗar nan, akwai farin gari a ɗinki. Mutumin da yake da lebura goma, me zai sa ya ɗauki buhu da kansa? Sai in akwai buhunan da ba ya son lebura su gani."

Daga nan ta shiga labari. Wani ɗaki a bayan gari mai ƙofar ƙarfe. Buhunan da ake farkewa a rage kwano biyu a kowanne, a cika da yashi mai laushi, a sake ɗinkewa. Wata bazawara da ta tara kuɗin ɗinki ta gina ɗaki ɗaya, bangon ya tsage tun kafin ta tare. Goggo ta kawo har irin zaren da ake ɗinke buhun da shi, da yadda mutumin yake wanke hannu kafin ya shiga gida don kada matarsa ta tambaya. Wata mata a gabana ta raɗa wa ta kusa da ita cewa dama ita katangarta ta tsage bara. Wani dattijo ya fara girgiza kai. Mai Siminti ya miƙe.

"Mai Guga, wace irin magana ce wannan? Wallahi ƙarya ne."

"Zauna, Shugaba, ban gama ba. Ku sake duban rigar nan."

Ta nuna aljihun nan dai da kafaɗar nan dai. A wannan karon makullan na wani gida ne da ya kama wa matar ƙaninsa da marayunta ba tare da kowa ya sani ba. Farin garin kuwa na buhunan da yake ɗauka da kansa da sassafe yana kaiwa inda ake gyaran ajin da rufinsa ya faɗi, don ba ya son a yi masa godiya. Ta kawo ƙaramar marainiyar da ke jiransa a bakin ƙofa tana riƙe da takalminsa. Matar da katangarta ta tsage ta fara share ido da gefen mayafi. Mai Siminti ya koma ya zauna, yana gyaɗa kai a hankali kamar mai tuna abin.

"To," in ji Goggo. "Wanne ne gaskiya?"

Sai ta ba kanta amsa.

"Babu ko ɗaya. Yanzu na tsara su a gabanku. Makullan na shagonsa ne da motarsa, ni nake ciro su daga aljihun nan duk mako in miƙa masa. Garin kuma mai sayar da siminti ne, me kuke so ku gani a kafaɗarsa? Haka na yi littattafaina duka. Ban taɓa tsintar asirin kowa a aljihu ba, abin da nake tsinta tsinken sakace ne da takardar alewa. Kwat ɗin Malam na gani, na ga alli, na tsara sauran. Da na sami rigar Shugaba a ƙarfena, da yau shi ne yake zaune can baya."

Wani daga cikin iyayen ya ce, "Amma da aka tambaye ki, ai ba ki musa ba."

"Ban musa ba, don zaton yana sayar mini da littafi. Yau na musa. Wanda yake da wata hujja a kan Malam ban da littafina, ga shi ga ku, ya faɗa."

Aka dubi juna. Dattijon nan ya ce shi dai a littafin ya gani. Wata ta ce ita ma ba ta karanta ba, maƙwabciyarta ce ta ba ta labari. Shugabar makarantar ta ce ta bincika, ba a taɓa soke wata jarrabawa ba a shekarun da Malamin ya yi a nan, ta kuma faɗa tun farko ba a saurare ta ba. Mai Siminti ya karɓi rigarsa, ya kakkaɓe kafaɗar da kyau kafin ya sa, ya ce shi a ganinsa a bar Malam ya koma aji, kuma a rubuta cewa shi ba shi da wani ɗaki a bayan gari. Dariyar da aka yi ita ta rufe taron.

Mai maɗaba'a bai yi ƙarya ba. Littafin da ta fitar bayan wannan bai yi rabin tafiyar na baya ba. Matan da suke zuwa shago su sayi littafi suna raɗa suna tambayar wace ce a ciki suka ɗauke ƙafa. Goggo ta ce waɗannan dama gulma suke saye, kuma gulma ba ta yi tsadar da za a rasa ta a wani wuri ba. Waɗanda suka rage su ne masu zuwa su yi mata gardama kan me ya sa ta kashe wane a babi na tara. Ta ce da su ta fi jin daɗin hira. Littafin nata na goma sha biyu, wanda ta gina kan rigar wani makaniki, ni a ganina ya fi duk na baya, kuma a hankali yana tafiya. Abu ɗaya ta canza a aikinta. Har yanzu tana kai kaya ƙusa, amma kafin ta rubuta kalma ɗaya sai ta sauya launi, ta mai da faci wani wuri, ta cire duk alamar da wani zai gane. Rigar makanikin shuɗiya ce, a littafi ta zama ruwan toka, kuma mai ita ya zama mace.

Malamin ya dawo karɓar kwat ɗinsa bayan ya fara aiki. Goggo ta sake goge ta, ta fito da gwangwanin maɓallai, ta zaɓo baƙi daidai da sauran.

"In canza maka shi?"

"Bar shi. Yaran sun riga sun ji labari, suna jiran su gan shi."

"To don Allah gaya mini, ya aka yi ya zama ja? Ni babi guda na ɓata a kansa."

"Ranar da zan fara aiki ya tsinke a bas. Telan da ke bakin makaranta ja kaɗai gare shi."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"Kai, Malam, rayuwarka ba ta da daɗin karatu."

"Haka nake son ta," ya ce. Ya sa kwat ɗin a nan cikin shagon, ya ɓalla maɓallan har na ƙasa, ya fita titi da ita.

Tun da aka gane daga ina labaran suke fitowa, ƙarfen bayan labule ya shiga wani hali. Wasu ko kwana ɗaya ba sa bari kayansu su ƙara. Wasu kuma sai su kawo rigar da suka fi ji da ita su ƙi dawowa da gangan. Asabar ɗin da ta wuce na ga Goggo ta fito da wata rigar sama daga bayan labule, aljihun dama a sake, ledar ta fara ƙura. Ta miƙa wa Baba Direba.

"Kai wa Mai Siminti kayansa. Wata na uku ke nan yana wucewa ta ƙofar nan yana yi kamar ya manta."

"In ce masa me?"

"Ka ce masa labarin marayun ya riga ya ji shi kyauta. In yana son ya shiga littafi, ya je ya gyara musu rufin ajin da gaske, sai mu duba."

Baba Direba ya ɗaure rigar a bayan babur, ya yi ta bugunsa har ya tashi. Goggo ta koma teburinta, ta yayyafa wa rigata ruwa, ta ɗaga kai ta dubi wani ƙaramin siket na makaranta da ke rataye a ƙusa, ta ce in ajiye wayar nan in saurara.